Tambaya da Amsa: Zuwa Astana da Jakar Goyo a Tsakiyar Hunturu

Wasiƙun wannan fitowa sun haɗu a kan birni guda, Astana, babban birnin Kazakistan, da yadda mai ƙaramin guzuri zai zaga shi tsakanin Disamba da Fabrairu. Masu shirya tafiye-tafiye da ma'aikatan lafiya da ke taimaka wa wannan fili su suka amsa.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne. Abokina da ke karatu a Astana ya ce in zo masa hutu a Janairu, jaka ɗaya a baya. Mu ma a Adar mun san sanyi. Babbar rigar sanyi da rawani ba za su wadatar ba? Daga wani ɗalibi, Tawa.

AMSA: Ɗan'uwa, ba za su wadatar ba. Sanyin da ke hana mutanen Tawa fita da asuba yana wajen digiri 14 ko 15 ne sama da sifili. A Astana matsakaicin Janairu digiri 14 zuwa 15 ne ƙasa da sifili, kuma a yawancin shekaru akan samu ranakun da yake sauka zuwa 30 ko 35 ƙasa da sifili. Firizar da masu kifi ke ajiye kaya a ciki tana kan 18 ƙasa da sifili. Ka auna da wannan. Cikin manyan biranen ƙasashen duniya, Ulan Bator na Mongoliya ne kaɗai ya fi Astana sanyi. Kogin Ishim da ya raba birnin biyu yakan daskare har mutane su bi ta kansa da ƙafa.

Amma lambar ma'auni ba ita ce ke kayar da baƙo ba. Iska ce. An gina birnin a tsakiyar fili fetal, ba tsauni ba daji, kuma sabon ɓangarensa, wanda aka soma ginawa bayan an maido da fadar gwamnati daga Almati a 1997, titunansa masu faɗi ne ƙwarai, gine-ginen sun yi nesa da juna, babu abin da ke tare iska. Idan ma'auni ya nuna 25 ƙasa da sifili, iska kuma tana gudun kilomita 30 a awa, fata tana jin kamar 39 ne. A wannan hali kunci ko kunnen da aka bari a buɗe na iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Saboda haka da safe, idan ka duba hasashen yanayi a waya, layi biyu za ka karanta: na sanyi da na iska.

Mutanen birnin ba jure sanyin suke yi ba, kauce masa suke yi. Gidaje da shaguna da masallatai da motocin bas duk ana ɗumama su, yawancin gine-gine da ruwan zafi da ke zuwa ta bututu daga tashoshin birni, har ɗaki yakan yi zafin da za ka zauna da shimi. Kai ma haka za ka tsara yininka: minti 20 zuwa 30 a waje, sannan ka shiga wani wuri mai ɗumi, ka buɗe riga, ka sha shayi, ka sake fita. Wanda ya ce zai yi awa uku yana tattaki kamar yadda ake yi daga unguwa zuwa unguwa a gida, shi ne ake kaiwa asibiti.

TAMBAYA: Me zan saya a nan Yamai, me kuma zan bari sai na isa? Kuɗina ba su da yawa. Daga wani matashi, unguwar Wadata, Yamai.

AMSA: Sutura hawa uku ake yi, kuma hawa na farko, wanda ke manne da fata, shi mutanenmu suka fi kuskurewa. Kada ya zama auduga. Auduga tana shan gumi ta riƙe shi. Ka yi tafiya da jaka a baya, ka shiga kanti mai zafi, ka yi gumi, ka fito cikin iska, sai rigar cikin ta zama jiƙaƙƙen tsumma mai sanyi a gadon bayanka, komai kaurin abin da ka ɗora a kai. Ka nemi riga mai dogon hannu da dogon wando na ciki na ulu ko na zaren roba irin na ƴan wasanni, biyu-biyu, ɗaya a jiki ɗaya yana bushewa. Hawa na biyu suwaita ce ta ulu ko mai laushin nan mai gashi-gashi. Na uku babbar riga mai cike da gashin tsuntsu ko audugar roba, mai hula, wadda iska ba ta ratsa ta, kuma ta sauka ta rufe cinya. Wandon jins shi kaɗai ba sutura ba ne a can; ko dai a sa na ciki a ƙarƙashinsa, ko a ɗora wando mai tare iska a kansa.

Hawa na farko da na biyu, da hula, da safa, duk ana samunsu wajen masu gwanjo a Katako da Wadata, da araha, don nan ba mai rububinsu. Ka juya rigar ka karanta ƴar takardar da ke wuya ko gefe: idan ta ce auduga ce zalla, ajiye ta. Babbar riga ma wani lokaci akan dace. Ka ɗaga ta ga hasken rana. Idan ka ga wurare da haske ke ratsawa, gashin cikin ya dunƙule, ta mutu. Ka ja zif sama da ƙasa sau da yawa, don zif da ya lalace a cikin iska ba ya gyaruwa da yatsun da suka sandare.

Takalmi kuwa mun fi son a saye shi can, a kasuwa, ranar farko, domin abin da ake sayarwa a Astana an yi shi ne don Astana. A nema mai rufin gashi a ciki, mai tafin roba mai kauri da zurfin zane, kuma ya fi ƙafarka da lamba ɗaya. Dalili: abin da ke ɗumama ƙafa iskar da ke tsakanin safa da takalmi ce da jinin da ke gudana. Wanda ya cusa safa uku a matsattsen takalmi ya matse jijiyoyinsa, ƙafarsa za ta riga ta mai safa ɗaya yin sanyi. Safa siririya a ciki, ta ulu mai kauri a kai, ya isa. Da dare a ciro shimfiɗar cikin takalmin a shanya kusa da bututun ɗumama ɗaki.

A hannu, safar hannu siririya mai yatsu, a ɗora babba marar yatsu a kai, wadda yatsu huɗu ke zama wuri ɗaya suna ɗumama juna. Rawani kuma, kada wanda ya tambaya a sama ya bar nasa a gida: yana tare iska a fuska da wuya sosai, sai dai numfashi yana jiƙa shi ya daskare, don haka a sa hular ulu a ƙarƙashi, a riƙa juya ɓangaren da ya jiƙe.

Jaka mai lita 40 zuwa 50 ta isa. Babbar rigar, da hula, da safar hannu, su shiga jirgi tare da kai. Idan ka sa su a jakar da aka auna, ita kuma ta makale a Istambul, da rigar Yamai za ka fita filin jirgin.

TAMBAYA: Biza da hanya fa? Kuma sefa tana aiki can? Daga wani ɗan kasuwa, Yamai.

AMSA: Alhaji, mai fasfon Nijar yana buƙatar biza, kuma Kazakistan ba ta da ofishin jakadanci a Yamai. Abin da aka saba shi ne wanda zai karɓe ka can, kamfanin yawon buɗe ido mai lasisi ko jami'a ko abokin ciniki, ya nemo maka takardar gayyata daga hukumar shige da fice, da lambarta ake neman bizar. A fara wannan da wuri, kuma kada a biya tikitin da ba a maido da kuɗinsa kafin biza ta fito. Bayan an isa, wanda ya sauke ka ne doka ta ɗora wa sanar da hukuma cikin kwana uku na aiki. Otal da masaukin matafiya mai gadaje da yawa a ɗaki suna yi da kansu. Idan gidan aboki ka sauka, ka tuna masa, don da yawa ba su sani ba.

Hanya mafi sauƙi daga filin jirgin Diori Hamani ita ce ta Istambul, daga can a miƙe zuwa Astana. A yi tikiti ɗaya har ƙarshe. Wanda ya raba tikiti biyu don rangwame zai iya samun kansa yana buƙatar fita ya karɓi jaka a Turkiyya, wanda ke nufin wata bizar. Katin rigakafin shawara ya kasance cikin fasfo. Agogon Kazakistan yana gaban na Nijar da awa huɗu tun da ƙasar ta koma lokaci ɗaya a Maris 2024. A wasu tsofaffin takardu za ka ga an rubuta Nur-Sultan. Birnin ne dai, ya ɗauki wannan suna daga 2019 zuwa 2022.

Sefa ba mai karɓarta. A canza zuwa yuro ko dalar Amurka tun daga gida, takardu sababbi marasa yagewa ko rubutu, a can kuma a mayar da su tenge, kuɗin ƙasar, a wuraren canji na hukuma, waɗanda ke cikin bankuna da manyan kantuna. Mutanen gari kusan komai da waya suke biya ta Kaspi, manhajar wani bankin ƙasar, abin da baƙon ƴan kwanaki ba ya samu cikin sauƙi, saboda haka a riƙe ƙananan takardun tenge, kuma a sanar da bankin gida kafin tafiya don kada ya rufe kati. Tasi ta manhajar Yandex Go ake kira, kuɗin yana fitowa kafin a shiga; masu tare baƙi a ƙofar filin jirgi sukan ninka. Ka kira motar kana daga ciki, kada ka fita sai ta iso.

TAMBAYA: Ni damuwata salla da abinci. Yaya ake alwala a wannan sanyi, kuma gaskiya ne suna cin doki? Daga wata Hajiya, Tawa.

AMSA: Hajiya, mafi yawan mutanen ƙasar Musulmi ne, mabiya mazhabar Hanafiyya, kuma masallatai ba su da wuyar samu. Akwai Hazrat Sultan da aka buɗe a 2012, da Babban Masallacin Astana na 2022, wanda ya fi kowanne girma a tsakiyar Asiya. Wuraren alwalarsu a cikin gini suke, da ɗumi, da ɓangaren mata. Abin kiyayewa ɗaya ne: a goge ruwa sarai, tsakanin yatsun ƙafa, bayan kunne, gemu ga maza, a jira ƴan mintuna kafin a fita. Danshin da aka fita da shi cikin safa shi ke daskarar da yatsu. Mai son shafa a kan huffi ya tafi da nasa na fata wanda ya rufe idon sawu, ya sa shi bayan cikakkiyar alwala ta ruwa, kamar yadda yake a Malikiyya. A zauna da malami kafin tafiya a kan wannan da kuma kasaru da haɗa salloli.

Abu biyu za su ba ki mamaki. Alƙibla can kudu maso yamma take, ba gabas ba. Sannan yini gajere ne, wajen awa takwas a ƙarshen Disamba: rana tana fitowa bayan ƙarfe takwas, ta faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe huɗu. Azahar da la'asar da magariba duk suna faɗowa cikin wajen awa huɗu, don haka ya fi kyau a tsara yawon rana kusa da masallaci.

Doki kuwa gaskiya ne, kuma nama ne mai daraja a wurinsu. Beshbarmak, abincin da ake karrama baƙo da shi, yankakken ƙullu ne mai faɗi da dafaffen nama da albasa, sau da yawa da naman doki, kuma kazi tsiran hanji ne na doki zalla. Tun da fatawar da ta fi shahara a Malikiyya ita ce barinsa, a riƙe kalmomi huɗu na Rashanci: konina doki, svinina alade, govyadina saniya, baranina rago. Idan kika ce ba kya cin konina ba wanda zai ji haushi, za a kawo miki na rago. Kumis, nonon goɗiya da aka tsimar, yana da ɗan maye a ciki, a sani.

Mai ƙaramin guzuri ya nemi gidajen abincin da ake kira askhana ko stolovaya, inda ake ɗaukar faranti a bi layi a nuna abin da ake so. Pilof shinkafa ce da karas da nama, lagman taliya ce cikin romo, samsa kuma gasasshen ƙullu mai nama. Jiki yana ƙona abinci da yawa a sanyi, kada a fita da safe da shayi kaɗai. Barkono ba ya cikin girkinsu sosai. Ƙullin yaji daga gida ba zai yi nauyi a jaka ba.

TAMBAYA: Ƙanena mai sikila ne, yana so ya bi ni. Kuma yaya ake gane sanyi ya fara yi wa mutum illa? Daga wata malamar makaranta, Yamai.

AMSA: Malama, game da ƙanenki ba za mu yi kwana-kwana ba: sanyi mai tsanani, da rashin ruwa a jiki, da doguwar tafiyar jirgi, duk suna cikin abubuwan da ke tayar da ciwon sikila, kuma wannan tafiya ta haɗa ukun. In ba dole ba, ya jira bazararsu, Yuni zuwa Agusta. In dole ce, sai da izinin likitansa, da magungunansa a jakar hannu, da takardar bayanin ciwonsa, da inshorar lafiya. Mai asma ma ya kiyaye, busasshiyar iska mai sanyi tana shaƙe ƙirji. Ya rufe baki da hanci, abin shaƙarsa kuma ya zauna a aljihun ciki.

Daskarewar fata tana farawa daga yatsu, kunne, hanci da kunci. Da farko zafi da tsikari, daga nan sai wurin ya daina ciwo. Daina ciwon nan shi ne alamar haɗari, ba sauƙi ba ne. Littattafai suna cewa fatar tana yin fari, amma a baƙar fata ta fi yin toka-toka, ta yi tauri kamar kakin zuma idan an taɓa. Mutum ba ya ganin kuncinsa, saboda haka abokan tafiya su riƙa duban fuskar juna.

Idan ya faru, a shiga ɗaki nan da nan, a cire zobe da jiƙaƙƙen kaya, a tsoma wurin a ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39 na wajen rabin awa, har fata ta yi laushi. Wanda hannunsa ke lafiya shi zai gwada ruwan. Zai yi zafi sosai lokacin da jini ke dawowa, haka yake. Kada a murza, kada a goga dusar ƙanƙara, kada a kanga a wuta ko a ɗora a bututun ɗumama, don fatar da ba ta ji tana ƙonewa mai ita bai sani ba. Kada kuma a narkar da wurin idan za a sake fita da shi cikin sanyi. Narkewa da sake daskarewa sun fi ɓarna. Idan ƙuraje masu ruwa suka fito, ko ji bai dawo ba, asibiti. Lambar motar asibiti 103, ta gaggawa gaba ɗaya 112. Wanda ya yi ta karkarwa sannan ya fara magana a hargitse, yana tangaɗi, yana jin barci, sanyi ya shiga cikin jikinsa ne, a kira lambar ba jira.

Man kaɗe da basilin suna da amfani ga leɓe da fatar da busasshiyar iskar ɗaki ke tsattsagawa, a shafa da dare. Amma ba sa hana daskarewa, sai ma su ruɗi mutum ya bar fuskarsa a buɗe. Taba tana tsuke jijiyoyin yatsu. Kuma a sha ruwa ko ba a jin ƙishi. Faɗuwa a kan ƙanƙara ma tana karya baƙi: gajeren taku, hannu a waje da aljihu, a kula da matattakalar ƙofar kantuna masu santsi.

TAMBAYA: An ce waya tana mutuwa a sanyi. Daga wani mai ɗaukar hoto, Yamai.

AMSA: Tana mutuwa. Batirin waya yana rasa ƙarfi a sanyi, waya mai caji rabi tana iya ɗaukewa cikin mintuna. A ajiye ta a aljihun ciki, jikin ƙirji, tare da batirin ajiya. Idan ta ɗauke, kada a sa ta caji tana da sanyi, yana lalata batirin. A bari ta ɗumama tukuna. Kyamara a sa ta cikin leda a ɗaure kafin a shiga ɗaki, raɓa ta sauka a kan ledar maimakon cikin gilashi. A sauke taswirar 2GIS tun a masauki, tana aiki ba intanet kuma tana nuna lambobin bas, sannan a rubuta adireshin masauki a takarda da haruffan Rashanci. Soket irin namu ne mai ƙafa biyu.

TAMBAYA: Kwana huɗu gare ni. Me zan gani, kuma zan iya wucewa Almati ta ƙasa? Daga wani ma'aikaci, Tawa.

AMSA: Malam, raba birnin gungu-gungu, kowane yini gungu ɗaya. Yini guda ga titin Nurjol: ka fara da hasumiyar Baiterek, inda ake hawa zuwa mita 97, lambar da ke tuna shekarar 1997, ka ga yadda birnin ya ƙare kwatsam fili ya ɗauka. Ka huta a kantin Keruen, ka ƙarasa Khan Shatir, katafaren tanti mai tsayin mita 150 da Norman Foster ya zana, aka buɗe a 2010. A taswira titin kamar kusa ne, amma ya haura kilomita 2 kuma iska tana bin tsawonsa; in ta yi ƙarfi, hau bas. Yini na biyu ga masallacin Hazrat Sultan, da ginin dala na Fadar Zaman Lafiya, da Gidan Tarihi na Ƙasa, duk kusa da juna. Gidan tarihin zai ci maka rabin yini cikin ɗumi, amma ba ya buɗewa ran Litinin. A irin waɗannan wurare akwai ɗakin ajiye riguna a bakin ƙofa, ka miƙa babbar rigarka a ba ka lamba, kada ka yi yawo da ita ka yi gumi. Yini na uku ka tsallaka kogi zuwa tsohon gari, inda masauki da abinci da takalmi suka fi araha. Na huɗu ka bar shi a sake, don guguwar dusar ƙanƙara da suke kira buran tana iya cinye yini guda.

Saboda buran ɗin nan ne ba mu ba da shawarar mota zuwa Almati ba; tazarar ta kai wajen kilomita 1,200, kuma hukuma takan rufe manyan hanyoyi idan guguwa ta taso. Jirgin ƙasa ya fi. Mai sauri, Talgo, dare ɗaya yake yi a hanya, tsofaffin sun fi jinkiri da araha. Platskart tarago ne buɗaɗɗe mai gado 54, kupe kuma ɗaki mai gado huɗu da ƙofa. Ka zaɓi gadon ƙasa, akwai wurin ajiya a ƙarƙashinsa da jakarka za ta shiga ka kwanta a kai, ka guji gadajen ƙarshen tarago kusa da bayan gida, inda ƙofa ke ta buɗewa. Akwai tukunyar ruwan zafi a tarago, ka tafi da kofi da ganyen shayi. Ka duba tikitinka da kyau: tashoshi biyu ne a Astana, tsohuwa da ke arewacin gari da sabuwa, Nurli Jol, suna da nisa da juna, kuma da fasfo ake shiga jirgin.